Magajiya Mai Funkaso da 'Yar Riƙonta

A Unguwar Kanawa ba a tambayar gidan Magajiya mai funkaso, ƙamshin mai da hayaniyar faɗa ne ke kai mutum. Hannunta dai babu mai ja da shi. Bakinta kuwa, Allah ya raba ka da shi da sassafe. Mata sun sha zuwa saye su koma gida da funkaso da zagi a kai, gobe kuma su dawo da kwanonsu, don daga nan har Kawo babu inda za su sami irinsa.

A gidan aka haife ta, wani tsohon ginin ƙasa da aka shafe da siminti, a lungun da ko keke napep ba ya shiga. Ubanta baduku ne. Uwarta, Inna Safiya, ita ta zo da sana'ar alkama daga Kano, kuma tun Magajiya ba ta kai tsawon taɓarya ba take surfe da tankaɗe. Ta yi aure sau biyu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Na farkon ya sake ta, na biyun ita ta kwashe kayanta ba ta ko jira a ce ta tafi ba. Ta dawo ta tarar uban ya rasu, Inna na kwance, ƙaninta Rilwanu bai gama firamare ba. Ita ta yi jinyar Inna har Allah ya karɓi abinsa, ita ta riƙe yaron da funkaso da alkakin gara, ta kai shi koyon gyaran janareto a Mando, ta haɗa masa lefe. Duk wanda ya zauna kusa da kaskonta sai ya ji wannan tarihi daga farko, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Matar da Rilwanu ya auro sunanta Harira, malamar firamare ce, siririya, ba ta da hayaniya. Tun ranar kai amarya jininsu bai haɗu ba. Laifin Harira na farko shi ne ta nemi a kama musu haya a Malali, kusa da makarantar da take koyarwa. Babban laifin kuwa, Rilwanu ya yarda. Magajiya ta rantse ba za ta taka gidan ba, kuma ba ta taka ba. Ko sunan matar ba ta kira, sai dai ta ce 'yar bokon nan.

Haihuwar fari aka sami mace, aka mayar da sunan Inna, ana kiranta Uwani. Da yake wankan gida Harira ta je, Magajiya ta sami halartar suna ba tare da ta karya rantsuwa ba. Jaririya ta yi ɓul-ɓul a kan nono, gwanin sha'awa. Ba ta kai lokacin yaye ba sai ga Harira da wani cikin. Aka yi yaye a gurguje, aka kai yarinya Unguwar Kanawa kamar yadda aka saba, a kan ta ɗan kwana biyu ta manta da nono. Da Rilwanu ya zo ɗaukarta, Magajiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Wa ya goya ka?" ta ce.

"Ke ce, Yaya."

"To, tashi ka ba ni wuri. Uwata ta dawo gidanta."

Ya kuwa tashi. Rilwanu a wurin aiki namiji ne, yana yi wa yaran shagonsa tsawa su shiga taitayinsu, amma da ya shigo zauren nan sai ya koma ɗan firamare. Harira ta yi kuka ta gaji, iyayenta suka ce ta yi haƙuri, riƙo ba sata ba ne, kuma mace ce da ba ta da nata.

A faɗi gaskiya, Magajiya ta so yarinyar nan son da ba ta taɓa yi wa kowa ba. Matar da ba ta iya cewa sannu ba, ita ce ke goyo tana suya, tana yi wa yarinya wasa. Ta ce 'yarta ba za ta ci tuwon dawa ba, wannan abincin wahala ne. Da safe shayi da burodi, da rana taliya da manja, da yamma funkaso da zuma ko alkubus, ga biskit a ɗaure a bakin zane ko da yaushe.

Akwai kuma wata al'ada da ta gada wurin Inna. Funkason da ya fara fitowa daga mai, na fari, ba a sayar da shi, sadaka ne, yaro ake ba wa don kasuwa ta buɗe. Dā duk yaron da ya fara leƙowa shi ke samu. Da Uwani ta zo, ya zama nata ita kaɗai. Sai kuma aka yi dace, a shekarun nan kasuwa ta buɗe da gaske, masu biki daga Malali da Unguwar Rimi suna aiko da aikin gara har ta rasa inda za ta sa kanta. Magajiya ta ce yarinyar nan goshi gare ta, duk wanda ya musa ya zo ya ga ciniki.

Amma yarinya ba ta yi ƙiba ba. Tun watannin farko zawo ya kama ta, mai maiƙo, mai wari, yau ya tafi gobe ya dawo. Ciki ya kumbura ya yi tulu, ƙafafu suka tsotse, baki ba ya rabuwa da gyambo, ga rigima ba dalili. Mutanen lungu kuwa, Allah ya shirye su, kowa likita ne. Wannan ta ce tsutsa ce, waccan ta ce ciwon shawara ne, wata ta rage murya ta ce a nemi tsari daga mayu. Magajiya ba ta da shakka ko kaɗan. Ta ce yarinya ciki ta sha, uwarta ce ta cuce ta da kwanika, ta shayar da ita nonon mai ciki don rashin kamun kai. Ta faɗa a gidan biki, ta faɗa a gidan suna, ta faɗa a gaban Harira ranar Sallah tana kallonta ido cikin ido. Aka sha maganin tsutsa, aka sha na taifot, aka sha jiƙe-jiƙe. Duk lokacin da yarinya ta ƙara ramewa, sai Magajiya ta ƙara mata burodi.

Harira ta lura da abu guda. In aka bar mata Uwani ta yi hutun makaranta a Malali, inda tuwon masara da shinkafa suka fi yawa, cikin yakan ɗan saɓe, rigimar ta ragu. Ta gwada faɗa wa Rilwanu, shi kuma da wautarsa ya kai wa yayarsa. Ranar lungu ya ji abin da bai taɓa ji ba. Daga nan aka soke zuwa hutu.

Uwani ta shiga firamare ƙanwarta ta fi ta tsawo. Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a filin makaranta. Malamar ajin ta san Harira, ita ta kira, Harira kuwa ba ta nemi izinin kowa ba ta wuce da ita babban asibiti. Aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Likitar yara ta yi tambayoyi masu yawa a kan abin da take ci, ta sa aka ɗebi jini aka aika gwaji, ta kuma ce kada a canza mata abinci tukuna, don in an daina kafin a gama bincike ba zai nuna ba. Bayan sakamakon jinin ya dawo aka sa mata barci, aka zura wata siririyar roba mai kyamara ta baki aka gutsuro ɗan bangon hanji aka duba. Ranar da za a faɗi sakamako, Rilwanu ya roƙi yayarsa ta zo ta ji da kunnenta.

Ta zo, ta zauna ta harɗe, ta sha mur.

"Hajiya, sunan ciwon siliyak," in ji likitar. "A cikin alkama akwai wani sinadari da ake kira gulutin. Ni da ke muna ci lafiya. Ita jikinta yana ɗaukarsa abokin gaba, a garin yaƙarsa sai ya lalata bangon hanjinta. Shi ya sa take ci abincin ba ya kama jikinta. Ba nono ne ya jawo ba, ba kuma laifin kowa ba ne."

"A rubuta mata allura," in ji Magajiya.

"Babu allura, babu ƙwaya. Magani ɗaya ne, ta rabu da alkama har iyakar rayuwarta. Fulawa, semo, taliya, burodi, biskit, cincin, funkaso, duk alkama ne. Ko ɗan ƙanƙani ta ci, ciwon zai tashi. Masara, gero, dawa, shinkafa, acca, wake, doya, duk ta ci abinta."

Magajiya ta yi wata dariya marar daɗi. Ta nuna Rilwanu da haɓa. "Kin ga ƙaton nan? Da alkama na raine shi. Ni da ita aka raine ni. Yau ke za ki ce mini guba ce?" Ta juya kan Harira. "Ke kika kitsa mata wannan, ko? An rasa hanyar raba ni da yarinya sai ta asibiti."

Harira ta juya ta ce wa mijinta a hankali, yarinya ta dawo gida, gidan da ake tankaɗen alkama kullum ba wurin zamanta ba ne. Nan Magajiya ta tsorata, karo na farko a rayuwarta, ko da yake tsoron a kamannin faɗa ya fito. Ta dafa ƙirji ta rantse da Allah, in dai alkama ce, Uwani ta gama cinta, a bar mata 'yarta. Rilwanu ya dubi wannan ya dubi waccan, ya ce a gwada a gani.

A ba Magajiya haƙƙinta, ta yi abin da ba kowa zai yi ba. Ta sayi sabuwar tukunya da muciya da rariya, ta ɗaura musu jan ƙyalle, duk wanda ya taɓa ya shiga uku. Ta mayar da tankaɗe da kwaɓi can bayan gida. Ta daina kai masara injin unguwa saboda a nan take niƙa alkamarta, ta koma ɗaukarta a ka zuwa wani injin da ba a kai masa alkama. Man ƙosan Uwani daban, kaskonsa daban. Da ta gano maƙwabciyarsu tana zuba fulawa a ɗanwake, ta je har ƙofar ɗakinta ta wanke ta tas. Mai shagon bakin lungu ya miƙa wa yarinya biskit kyauta, bai sani ba, sai da ya gwammace bai buɗe shago ba ranar. Matar da ta ce tuwon dawa abincin wahala ne, ita ce ke tuƙa shi da hannunta tana lallashi.

Sai na fari. Kwanakin farko yaran lungu ta riƙa ba wa. Aka yi rashin sa'a ƙulli ya ƙi tashi sau biyu a jere, sannan wata uwar amarya ta fasa aikin gara bayan an jiƙa alkama. Magajiya ta zauna gaban kasko, ta san dalili. Washegari da na fari ya fito, ta tsame shi, ta hura, ta mintsini ɗan gefensa, bai kai farcen babban yatsa ba, ta yi bismillah ta sa wa Uwani a baki, sauran ta ba yara. A ganinta wannan ba ci ba ne, taɓa baki ne. Abin da aka yi da sunan sadaka, aka yi masa bismillah, ta ina zai cuci mutum? Ba ta ɓoye ba, ba ta kuma faɗa ba, don ba ta lissafa shi cikin abinci ba. Haka ta ci gaba kowace safiya, ciniki kuma ya dawo.

Bayan wasu watanni aka koma asibiti. Nauyi bai ƙaru ba, jinin da aka sake gwadawa yana nan yadda yake. Likitar ta ce lallai alkama tana shiga ta wani wuri. Magajiya ta lissafo tukunya da rariya da inji, ta rantse har tana huci cewa rabon yarinyar nan da alkama tun ranar da aka hana, kuma har zuciyarta gaskiya take faɗa. Sai likitar ta jawo Uwani kusa da ita.

"'Yan mata, faɗa mini, in kin tashi da safe me kike fara ci?"

"Na fari," in ji Uwani. "Sannan koko."

"Mene ne na fari?"

"Na Gwaggo. Ɗan mitsitsi take ba ni, don kasuwa ta buɗe."

Magajiya ta ce, "Wannan ai sadaka ce. Inna ta yi, uwar Inna ta yi. Abin da bai kai farce ba?"

"Kullum, Hajiya?" in ji likitar.

"Kullum mana."

Harira ta miƙe. Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa jin ta ɗaga murya, ranar ma ba ta ɗaga ba. "Yaya, kin ce ni na cuce ta da ciki, kin yi ta yawo da ni a gidajen biki, na haɗiye. Kin hana ni 'yata, na haɗiye. Ashe kowace safiya ke kike ƙona mata hanji don a zo a sayi funkaso. Wallahi ko aurena zai mutu a kai, yau ba za ta kwana a gidanki ba."

Magajiya ta juya kan ƙaninta, ta buɗe baki za ta fara tarihin goyo da lefe. Rilwanu ya ce, "Na sani, Yaya, ban manta ba." Ya sunkuya ya ɗauki Uwani ya fita. Yarinya tana ta waiwaye tana kiran Gwaggo har suka sha kwana.

Magajiya ta koma gida ita kaɗai, ta yi makonni tana tafasa. Duk wadda ta zo saye sai ta ji yadda 'yar boko ta haɗa baki da likita suka sace mata yarinya, da yadda ɗan da ta goya ya ci amanarta. Rilwanu ya zo gaisuwa ta rufe masa ƙofa. Ta ce su jira su gani, ba za a daɗe ba za su dawo mata da ita ta lalace, don babu mai iya rainonta sai ita. Ta yi ta jira, ba su dawo ba.

Wadda ta kawo labari ita ce maƙwabciyar nan mai ɗanwake, kuma ba don Allah ta kawo ba. Ta tsaya a bakin kasko tana murmushi ta ce ta je suna Malali ta ga Uwani, da ƙyar ta gane ta, ta yi kumatu, cikin ya saɓe, har tsalle-tsalle take da yara. Ta ƙara da cewa, ikon Allah, ashe dai gidan ne bai karɓe ta ba. Magajiya ba ta zage ta ba. Duk lungu ya yi mamaki, don a ƙasa da wannan ta sha jefa wa mutane kwanonsu waje.

Mako bai zagayo ba ta kira wata yarinya da ta taɓa yi mata aikin alkaki, ta ba ta kasko da turmi da rariyoyi da ragowar buhun alkama, ta ce ta kwashe kafin ta canza shawara. Ta mayar wa masu biki aikinsu. Ta sa aka kankare madafi, aka wanke ɗakuna, aka yi sabuwar farar ƙasa. Sannan, tana dab da shekara sittin, ta shafa wa idonta toka ta je wurin wata mai waina da suka shekara ashirin ba sa ga-maciji, ta ce ta koya mata. Masu saye suka watse, don wainarta ba ta kama ƙafar funkasonta ba, ita ma ta sani. Ta yi ta gwadawa har ta fara fitowa da kyau.

Wata Asabar da hantsi ta jera waina a sabuwar kula, ta yi miyar taushe a tukunyar nan mai jan ƙyalle, ta hau keke napep zuwa Malali. Sai da ta yi tambaya kafin ta gane gidan. Ba haƙuri ta zo bayarwa ba, ba ta san yadda ake yi ba. Harira ta shimfiɗa mata darduma, ta durƙusa ta gaishe ta yadda ya kamata, ta kawo ruwa, fuskarta a ɗaure. Rilwanu ya zauna daga bakin ƙofa.

"Na bar sana'ar," in ji Magajiya, tana kallon bango. "Babu ƙwayar alkama a gidana, kowa ya je ya duba. A haɗa wa Uwani kayanta."

"Allah ya saka da alheri, Yaya," in ji Harira. "Amma ba za ta koma ba."

"Ba da ke nake ba."

Rilwanu ya sunkuyar da kai. "Maganarta ce tawa, Yaya. Ki riƙa zuwa ganinta, gidanki ne."

Kafin ta ba shi amsa Uwani ta shigo daga islamiyya. Ta yi tsawo, ta yi haske, hijabinta har ya ɗage. Ta yi turus, sannan ta sheƙo da gudu ta faɗa jikinta tana cewa Gwaggo, Gwaggo. Magajiya ta riƙe ta, ta shafa kumatun, ta taɓa cikin. Ta yi sauri ta jawo kula ta buɗe, tururi ya tashi.

"Ga shi, uwata, don ke na yi. Shinkafa ce zalla. Tandar ma sabuwa ce."

Uwani ta dubi wainar, ta haɗiyi yawu. Ta dubi uwarta. Harira ba ta ce ci ba, ba ta ce bari ba, ta kawar da kai. Yarinyar ta mayar da hannuwanta baya.

"Gwaggo, kin sa mini ko ɗan kaɗan?"

"Wallahi ban sa ba."

Uwani ta san wannan rantsuwa, ta ji ta a gaban likita. Ta ce a hankali, don kada ta ɓata mata rai, "A ba Baba, shi ba ya ciwo."

Magajiya ta tura kular gaban ƙaninta. Rilwanu ya sa hannu ya fara ci kansa a ƙasa, ita kuma ta zauna tana kallonsa har ya cinye.